Gwajin yawu da allurar testosteron: yadda nake kallon lamarin daga ɗakin gwaji a Birnin Kebbi

Ɗan ƙanwata ɗan tsere ne, mita 400 yake gudu, kuma tun yana sakandare da wuya hantsi ya dubi ludayi bai gama zagaya filin wasa na Haliru Abdu ba. A wata gasa da ya je wajen jiha ya zo na biyu, bai gama mayar da numfashi ba wani jami'i ya tare shi da takarda, ya shaida masa cewa an zaɓe shi gwajin fitsari, kuma daga wannan lokacin ba zai sake ɓacewa daga idonsa ba har sai ya cika kwalba. Da ya dawo gida ya same ni a zaure bayan sallar isha'i, ya ce, "Kawu, wallahi gudun bai ba ni wahalar da fitsarin nan ya ba ni ba." Ƙa'idar ita ce ɗan wasa ya bayar da abin da bai gaza mililita 90 ba, ya naɗe riga zuwa tsakiyar ƙirji, ya sauke wando zuwa cinya, sannan wani jami'i jinsinsa ya tsaya yana kallon fitar fitsarin daga jikinsa. Yaron da ya tashi a gidan da ko ƙofar bayi ba a shiga a gaban babba sai an sunkuyar da kai, shi aka ce ya yi wannan a gaban baƙo. Ya ce ya kusa awa uku yana kai da kawowa, yana kurɓar ruwa, ga gajiya ga kunya, abin ya ƙi zuwa.

Ban ga laifin jami'in ba, domin ba don wulaƙanci aka kafa wannan ƙa'ida ba. An sha kama 'yan wasa da fitsarin wani a ɓoye cikin 'yar jakar roba, saboda haka masu gwaji suka daina yarda da abin da idonsu bai gani ba. Amma tambayar da yaron ya yi mini a daren nan ta zauna mini a rai: "Kawu, ku da kuke aikin lab, ashe ba za a iya ɗibar miyau kawai a huta ba?" Miyau muke cewa a nan Kabi, wasu su ce yawu. Na shekara goma sha ina aikin gwajin jini da fitsari, kuma na san amsar ba ta tsaya ga i ko a'a ba, musamman idan abin da ake nema testosteron ne.

Testosteron sinadari ne da jikin ɗan Adam yake yi da kansa, mafi yawansa a 'ya'yan marainan namiji, kaɗan kuma a jikin mace. Shi ne ke buɗe muryar yaro idan ya balaga, ya fito masa da gemu, ya gina tsoka, ya ƙarfafa ƙashi. A shekarar 1935 masana a Turai suka ware shi, kuma a cikin wannan shekara aka gano yadda za a harhaɗa shi a ɗakin gwaji. Likitoci suna rubuta shi ga wanda jikinsa ya gaza samar da isasshe, wannan kuwa magani ne na halal. Cewa yana ƙara ƙarfi ba jita-jita ba ce: wani bincike da aka buga a Amurka a 1996 ya nuna cewa mazan da aka riƙa yi wa allurar miligiram 600 kowane mako har mako 10 sun ƙara tsoka ko da ba su motsa jiki ba, waɗanda suka haɗa da ɗaga ƙarfe kuwa suka fi kowa ƙaruwa. Wahalar mai gwaji ita ce abin da yake nema ɗan gida ne. Lokacin da aka kama ɗan tseren Kanada Ben Johnson a gasar Olamfik ta birnin Seoul a 1988, sinadarin stanozolol aka gani a fitsarinsa, abin da jiki ba ya yinsa, don haka ganinsa kaɗai ya isa hujja. Testosteron kuwa kowa yana da shi, wani da yawa wani kaɗan, kuma na allura da na jiki kamanninsu ɗaya.

Dabarar farko da ta yi tasiri ta fito ne daga wani masani Bajamushe, Manfred Donike, na birnin Kolon. Jiki yana fitar da testosteron a fitsari tare da wani ɗan'uwansa da ake kira epitestosteron, wanda ba ya gina tsoka, kuma a wurin yawancin mutane su biyun kusan kunnen doki suke. Idan aka yi allura, na farko ya tashi, na biyu ya tsaya inda yake ko ma ya ragu. Daga farkon shekarun 1980 aka soma aiki da wannan awo, aka ce idan testosteron ya ninka ɗan'uwansa fiye da sau 6 akwai abin tambaya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, wadda aka kafa a 1999, ta sauko da iyakar zuwa sau 4 a 2005. Da wannan aka soma gano Floyd Landis, wanda ya lashe tseren keke na Faransa a 2006, inda nasa ya kai ninki 11, aka karɓe kambun daga hannunsa.

Sai dai kifi na ganinka mai jar koma, mu mutanen Argungu da kewaye mun san haka. Masu ha'inci suka koma haɗa sinadaran biyu a man shafawa guda domin awon ya zauna daidai, kamar yadda aka bankaɗo a badaƙalar kamfanin BALCO a Amurka a 2003. Wasu suka bar allura mai daɗewa a jiki, suka koma shafa ɗan kaɗan da dare, tunda sa'ar da ɗan wasa yake bayarwa don a zo a gwada shi tana faɗawa ne tsakanin ƙarfe 5 na asuba da 11 na dare, kafin gari ya waye alamar ta yi rauni. Akwai kuma wata ɓaraka da ba kowa ya yi ta ba, halitta ce. Wasu mutane an haife su ba su da wata ƙwayar gado mai suna UGT2B17, wadda ita ce ke shirya testosteron ya fita ta fitsari. Masu bincike a Suwidin sun tarar cewa kusan kashi biyu cikin uku na mazan Koriya da suka gwada ba su da ita, alhali a cikin 'yan Suwidin abin bai kai ɗaya cikin goma ba. A wani bincike da suka buga a 2008 sun yi wa wasu masu sa kai allurar miligiram 500, sai aka ga kusan kashi 40 cikin 100 na marasa wannan ƙwaya awonsu bai taɓa haura iyakar ba. Ke nan mutum biyu za su yi allura iri ɗaya, a kama ɗaya, ɗayan ya wuce da lambar yabo.

Gwajin da ke yanke hukunci a yau wani ne daban, kuma ina son in ɗan tsaya a kansa domin ya taɓa tukunyar tuwonmu. Testosteron na kamfani ana harhaɗa shi ne daga sinadaran tsirrai irin su waken soya da wata doyar daji, kuma waɗannan tsirrai suna da ƙarancin wani nau'in kabon mai ɗan nauyi, wanda ake kira kabon 13. Jikin mutum kuwa da abin da ya ci yake gina nasa. Na'urar da ke wannan aiki tana auna kabon ɗin da ke cikin testosteron na fitsari, ta kwatanta shi da na wani sinadarin jiki wanda allura ba ta taɓawa. Idan tazarar ta yi yawa, to baƙo ya shigo. Gero da dawa da masara da rake suna cikin tsirran da suka fi tara kabon 13, shinkafa da alkama da wake kuwa suna ɗaya ɓangaren. Wanda ya tashi da fura da tuwon dawa, kamar mafi yawan yaranmu na karkara, jikinsa ya fi nisa da na kamfani, saboda haka idan ya yi allura tazarar ta fi fitowa fili. Matsalar wannan gwaji tsada da cin lokaci, shi ya sa ba a yi wa kowane fitsari, sai wanda wata alama ta riga ta nuna. Daga 2014 WADA ta ƙara da ajiye wa kowane babban ɗan wasa kundin awonsa na tsawon lokaci, ana kwatanta shi da kansa maimakon da sauran jama'a. Duk da haka tambayar tana nan: wace alama ce za ta ce a ɗauki wannan kwalba a kai ta babbar na'ura, a bar waccan?

A wannan gurbi ne yawu ya samu shiga. Testosteron da ke yawo a jini mafi yawansa a ɗaure yake da wasu sinadaran jini masu dakonsa, kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai yake a sake, kuma wannan na saken shi ne ya fi saurin shiga tsoka ya yi aiki. Da yake sinadari ne mai son maiƙo, yana ratsa bangon gaɓoɓin da ke tatso yawu a gefen muƙamuƙi da ƙarƙashin harshe ba tare da an tura shi ba, na ɗaure kuwa girmansa ya hana shi wucewa. Saboda haka yawu yana nuna abin da ke gudana a jini a wannan sa'ar, fitsari kuwa tarin abin da hanta da ƙoda suka riga suka sarrafa ne cikin sa'o'in da suka wuce. Kuma tunda hanyar yawu ba ta bi ta waccan ƙwayar gado ba, wanda ba shi da ita ba ya samun mafaka a nan. Adadin dai ƙanƙane ne ƙwarai, da fikogiram ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na giram, a kowace mililita.

Masu bincike a Jamus, ciki har da na ɗakin gwajin Kreischa da ke kusa da Dresden, sun buga sakamako a 2013 kan mazan da suka shafa man testosteron a fata gwargwadon yadda likita ke rubutawa. Abin da suka gani shi ne adadin da ke cikin yawu ya yi tashin gwauron zabo, ya ninka ninkin-ba-ninkin, a daidai lokacin da canjin da ke cikin fitsari bai taka kara ya karya ba. Wannan shi ne ainihin nau'in ha'incin da ya fi zille wa tsohon gwaji, don haka suka ba da shawarar a duba yiwuwar amfani da yawu wajen tantancewar farko. Auna sinadari a yawu ba baƙon abu ba ne a asibiti, domin likitoci sun daɗe suna auna wani sinadarin jiki mai suna kotisol a yawun dare don gano wata cutar da ke sa shi yawa, 'yan sanda a Ingila da Ostireliya kuma suna gwada direbobi da shi a bakin titi don gano miyagun ƙwayoyi.

Sauran fa'idojin ba sa buƙatar dogon bayani ga wanda ya saurari ɗan ƙanwata. Ba tsiraici, ba allura, ba jiran awa uku. Mutum ya zauna a bainar jama'a ya tara yawu a baki ya zuba ta ɗan bututu cikin ƙaramar kwalba, minti biyar an gama, kuma musanya samfur a gaban idon mutane ba abu ne mai sauƙi ba. Na fi tunanin 'yan matanmu a nan. Na san iyayen da suka bar 'yarsu ta yi gudu a makaranta da kyar, waɗanda idan suka ji yadda ake ɗibar fitsari a manyan gasa, ko da mace ce za ta tsaya a kanta, maganar wasan ta ƙare daga ranar. Duk abin da zai rage wannan nauyi ba tare da ya buɗe wa maha'inta ƙofa ba, ina goyon bayansa da zuciya ɗaya.

Amma aikin da nake yi ya koya mini cewa samfur yana lalacewa tun kafin ya iso na'ura, kuma yawu ya fi fitsari da jini saurin ɗaukar dauɗa. Babban abin tsoro shi ne jinin dasashi. Testosteron da ke cikin jini ya ninka na yawu sau da yawa, domin jini yana ɗauke da na ɗaure da na sake duka, saboda haka ɗan jinin da ido ba zai ma gani ba yana iya ɗaga sakamakon mutumin da bai taɓa ganin kwalbar allura ba. Ku dubi yadda muke rayuwa. Mutum ya tashi da asuba ya goge baki da asuwaki har dasashi ya yi ja, wani yana da ciwon haƙori na shekaru bai taɓa zuwa asibiti ba, ɗan dambe kuwa ya fito daga turmi na uku leɓe a fashe, ɗan kokawa ya ciji harshe lokacin da aka kai shi ƙasa. Waɗannan su ne mutanen da za a miƙa wa kwalba. Akwai hanyar auna ko jini ya gauraya da yawu, kuma a ganina duk gwajin da bai haɗa da wannan awo ba bai cancanci a rubuta sunan mutum a kansa ba. Ƙa'idar ɗibar yawu ta hana ci da sha da goge baki na wani ɗan lokaci kafin a ɗiba, a kuskure baki da ruwa a jira. A garin da goro ba ya barin bakin manya da masu horarwa, har da wasu 'yan wasan, sai an sa ido sosai kafin wannan ƙa'ida ta tabbata.

Lokaci ma yana da nasa. Testosteron ya fi yawa da sassafe, yana sauka zuwa yamma, kuma motsa jiki mai tsanani da zafin gasa suna iya ɗaga shi na ɗan lokaci, don haka yawun asuba da na bayan la'asar na mutum ɗaya ba za su zo daidai ba. Kayan ɗiba suna iya yin ɓarna: an daɗe da sanin cewa audugar da ake sa wa mutum ya tauna don ta tsotse yawu tana ba da sakamakon testosteron na ƙarya a wasu gwaje-gwaje, shi ya sa masana suka fi son a zuba kai tsaye. Gwaji mai araha, irin wanda ƙananan ɗakunan gwaji za su iya saye, yana rikicewa idan adadin ya yi ƙasa sosai kamar na mata, yana kuma iya ɗaukar wani sinadari mai kama da testosteron a matsayinsa. Na'urar da ke tantancewa da kyau kuwa mai tsada ce, tana son wuta marar yankewa. Sannan ga zafin Kabi. A watan Afirilu ma'aunin zafi yana haura 40 a Birnin Kebbi, yawu kuwa cike yake da ƙwayoyin bakteriya masu ci gaba da aiki a cikin kwalba, sai an sanyaya shi ko an daskarar da shi. Na sha zubar da samfurin jini saboda an kawo shi daga ƙauye a aljihun ɗan acaɓa da tsakar rana, kuma ban ga dalilin da zai sa yawu ya fi jini sa'a a wannan hanya ba. Ga mai azumi kuma, ko wanda ya gama gudu maƙogwaro a bushe, tara mililita ɗaya ta yawu aiki ne.

Akwai wani haɗari da ya fi waɗannan ɗaure kai. Man testosteron yana bin fata daga mutum zuwa mutum, har hukumar magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta gargaɗi mai ƙarfi a kwalinsa a 2009 bayan an ga alamunsa a jikin yaran da iyayensu ke shafawa. Idan ɗan kaɗan ya taɓa yatsa, yatsa ya taɓa leɓe, adadin da za a gani a yawu zai yi sama ƙwarai ba tare da ya nuna abin da ke cikin jini ba. A wasan da ake cakumar juna da gumi kamar kokawa, ko inda mai tausa ɗaya yake bin 'yan wasa goma da hannu ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ko an kauce wa duk waɗannan, awon yawu yawa kawai yake faɗa, ba ya faɗin asali. Ba zai ce wannan na kamfani ne, wannan na jiki ne ba.

Saboda haka matsayina shi ne yawu rariya ce ta farko, kada a mayar da shi alƙali. A ɗebi na mutum ɗari cikin sauƙi da araha, a maimaita a kai a kai har a san yadda na kowa yake hawa da sauka, wanda nasa ya yi tsalle a nemi fitsarinsa ko jininsa nan take a kai babbar na'ura. Har zuwa yanzu WADA ba ta hukunta kowa da yawu; fitsari da jini ne hujja, sai kuma busasshen ɗigon jini da ake ɗiba daga yatsa ko dantse a kan takarda, wanda ta amince da shi a 2021. Wannan jinkiri ya yi mini daidai. Tun 2015 hukuncin wanda aka samu da gangan shekara 4 ne, ga ɗan tsere kuwa shekara 4 ita ce rabin rayuwarsa ta fili, ban da tabon da zai bi sunan gidansu. A garinmu idan aka ce an kama ɗan wane da ƙwaya, ba mai tsayawa ya tambayi wace iri ce, kuma ko an wanke shi daga baya, labarin wankewar ba ya kai inda na kamun ya kai. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, sabon gwaji ma sai ya nuna kansa a kan dubban mutane, maza da mata, har da masu cin abincinmu da zama cikin zafinmu.

Abin da ya fi damuna ma ba ya faruwa a filin Olamfik, a unguwanninmu yake. Watannin baya wani saurayi ya zo wurin aikina da takardar likita ta gwajin maniyyi. Ƙato ne, ƙirji kamar ƙofa, hannun riga ya matse masa dantse, ga ƙuraje sun cika masa kafaɗa da wuya. Shekara biyu da aure ba labari, kuma kamar yadda aka saba, matar aka fara kaiwa wurin masu magani har aka gaji. Na ɗiga samfurin a kan gilashi na sa a madubin likita, na bi fili bayan fili, ban ga ƙwayar haihuwa ko ɗaya ba. Na juya samfurin a na'ura na sake duba abin da ya kwanta a ƙasa, nan ma babu. Da ya dawo karɓar sakamako na tambaye shi a hankali ko yana shan wani magani, ya ce a'a. Da na ce allura fa, sai ya yi shiru, ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar kwalbar da aka fasa wuyanta. Ya ce, "Malam, wannan ce kawai, a wurin ɗaga ƙarfe aka nuna mini, wani mai kemis ke yi mini duk mako. Sun ce ƙarfin namiji take ƙarawa." Testosteron ce. Bai san cewa idan ta shigo daga waje ƙwaƙwalwa tana daina aika wa maraina umarni, su daina aiki har su ƙanƙance ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada wannan allura a matsayin maganin hana haihuwa na maza, aka buga sakamakon a 1990, kuma ta yi aiki a kan mafi yawansu. Ban da wannan tana kaurara jini, tana iya ɗaga hawan jini ta wahalar da zuciya, ta fito wa namiji da nono, mace kuwa ta buɗe mata murya buɗewar da ba ta komawa. Na mayar da shi wurin likitansa da kwalbar a hannu, na ce ya nuna masa kafin ya ce komai.

Irin wannan saurayi ba wata hukuma da za ta taɓa neman fitsarinsa. Gidajen dambe, filayen kokawa na bayan kaka, wuraren ɗaga ƙarfe da ke buɗewa a kowane lungu na Birnin Kebbi da Jega da Yawuri, duk ba gwajin da ke isa gare su, alhali kuɗin da ake sawa a wasannin yana ƙaruwa, mota da babur ake ci. Mun daɗe muna kuka da tiramol, wanda WADA ma ta haramta shi a lokacin gasa daga farkon 2024, amma allurar gina jiki tana shigowa a hankali ba a maganarta. Ko a sama ma gwajin bai wadata ba. Nijeriya ba ta da ɗakin gwajin da WADA ta amince da shi, sai an kai samfur ƙasar waje an biya da kuɗin waje. A gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021 an hana 'yan guje-guje da tsalle-tsallenmu 10 shiga fili, ba don an same su da komai ba, sai don ba a yi musu gwaji uku na ba-zata da ake buƙata cikin watanni 10 kafin gasar ba. A wannan gasar ce kuma aka dakatar da 'yar tserenmu Blessing Okagbare kan sinadarin ƙara kuzari, daga baya hukuncinta ya kai shekara 11.

A irin wannan wuri nake ganin gwajin yawu zai fi amfani, idan ya nuna: a hannun likitan ƙungiya ko na makaranta, a asirce, don a gano yaro da wuri a zaunar da shi a yi masa bayani tun kafin ya kai ga madubin likitana ko ga takardar dakatarwa. Mai horarwa zai iya shawo kan 'yan wasa talatin su tofa a kwalba da safe ɗaya, abin da ba zai taɓa samu ba idan fitsari ko jini ya nema. Jami'o'inmu na Kebbi suna da sassan kimiyya da ɗalibai masu neman abin bincike, kuma aikin farko da ya kamata a yi bai fi ƙarfinsu ba: a auna yawun matasanmu masu lafiya, da asuba da yamma, da rani da damina, cikin azumi da bayansa, kafin asuwaki da bayansa, a san mene ne daidai a wurinmu.

Na faɗa wa ɗan ƙanwata cewa a gasa ta gaba ma kwalbar fitsari zai tarar, don haka ya shirya mata: ya sha ruwa daidai misali domin idan fitsarin ya tsinke da yawa za a sa shi ya sake, ya tafi da wanda ya amince da shi ya raka shi ɗakin gwajin, ya duba lambar kwalabe biyun da ake raba fitsarin a ciki da idonsa kafin ya sa hannu, kuma ya rubuta duk maganin da ya sha a makon, har na gargajiya. Saurayin nan kuwa ya daina allurar bisa kulawar likita, ya kuma je da kansa ya ba matarsa da iyayenta haƙuri. An gaya masa cewa dawowar ƙwayoyin haihuwa tana ɗaukar watanni, wani lokaci ta haura shekara. An rubuta masa ya dawo gwaji bayan wata uku, ranar tana cikin littafin da ke kan teburina.